Na'urar Lissafi Mai Tsada: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Daga cikin kayan karatun da ɗalibi yakan tanada a farkon shigarsa kwaleji, da wuya a sami wanda farashinsa ya yi hannun riga da juna kamar na'urar lissafi, wadda aka fi sani da kalkuleta. Biro dai biro ne, littafin rubutu kuwa komai kyawun bangonsa bai fi ƙarfin aljihun talaka ba. Amma ita kalkuleta, a kan teburin mai shago guda ana iya tarar da wadda kuɗinta bai wuce na mudun gero ba, a gefenta kuma ga wadda sai uba ya ɗaga tunkiya kafin ɗansa ya riƙe ta. Idan aka danna 7 sau 8, dukkansu 56 za su nuna. Saboda haka duk mai hankali yana da damar ya tambaya: mene ne ainihin abin da ake saye da wannan rarar kuɗi?

Wannan tambaya ta shafi ɗalibin kwalejin ilimi ta fuska biyu. Yau shi ne mai saye, da kuɗin da iyaye suka tsakuro daga bakin tukunya. Gobe kuwa shi ne zai tsaya gaban allo ya ce wa yara arba'in ko sittin, "Kowa ya zo da kaza ranar Litinin." Kalma ɗaya daga bakin malami takan zama bashi a wuyan magidanta da yawa, domin uba ba ya jayayya da abin da aka ce makaranta ce ta buƙata. Wanda bai iya auna wa kansa abin da ya dace ya saya ba, ba a sa ran zai auna wa 'ya'yan mutane.

Ya kamata a fara da bambance na'urorin, don sunansu ɗaya ne amma aikinsu ba ɗaya ba. Akwai 'yar ƙaramar da mai kanti yake ajiyewa kusa da akwatin kuɗi, wadda ba ta wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Wannan tana bin lissafi ne yadda aka danna shi, daga hagu zuwa dama. Idan aka ba ta 2 + 3 × 4, sai ta ce 20, alhali amsar da ƙa'idar lissafi ta yarda da ita 14 ce, tun da ninkawa tana gaba da tarawa. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga jakar ɗalibin kwaleji. Sai ta kimiyya, mai maɓallan sin da cos da log, wadda kamfanin Casio na ƙasar Japan ya cika makarantun Afirka da ire-irenta. Sama da ita kuma akwai mai faɗin fuska, wadda take zana giraf, take adana bayanai, har ma a iya rubuta mata 'yar manhaja. Ita ce ake kira mai tsada, kuma a kanta maganar take.

Tsada a wannan fage ba baƙuwa ba ce. Lokacin da kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da HP-35 a shekarar 1972, wato na'urar lissafin kimiyya ta farko da take shiga aljihu, dala 395 aka sa mata. A wancan zamani kuɗin ya cancanta, domin injiniyan da ya saye ta ya huta da jan ma'aunin lissafi da buɗe littafin jadawalin logaridim, wanda asalinsa yake komawa ga aikin John Napier na shekarar 1614. Dattawan malamai da suka yi sakandare kafin kalkuleta ta yawaita ba su manta da ɗan littafin nan mai lambobi huɗu-huɗu ba, da yadda ninka lambobi biyu yakan ci rabin shafi. Cikin 'yan shekaru farashin na'urar kimiyya ya faɗi warwas, kamar yadda aka saba gani a kayan lantarki: abin da yake na attajirai bana, baɗi ya zama na kowa.

Abin mamaki shi ne, na'ura mai zana giraf ta ƙi bin wannan hanya. Casio ne ya fara fito da ita a 1985, da samfurin fx-7000G. Kamfanin Texas Instruments ya biyo baya da TI-81 a 1990, sannan TI-83 a 1996, sai TI-84 Plus a 2004. Wannan ta ƙarshe ita ce ta zama sarauniyar azuzuwan Amurka, kuma shekara da shekaru farashinta yana tsaye sama da dala 100, a daidai lokacin da kwamfuta da wayar salula suke ƙara ƙarfi suna rage kuɗi. Wanda ya buɗe cikinta zai tarar da ƙwaƙwalwa samfurin Z80, wadda aka ƙirƙira tun 1976. Fuskarta ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye, baƙi da fari. Ma'adanar da take aiki da ita kuwa ba za ta iya ɗaukar hoto ɗaya daga cikin waɗanda ake turawa ta waya a yau ba. A 2015 aka fito da TI-84 Plus CE, siririya mai fuska mai launi da batirin da ake caji, amma tsarin maɓallanta bai yi nisa da na yayarta ba.

A shekarar 2014 jaridar Washington Post ta yi rahoto a kan wannan al'amari. Ta nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na irin waɗannan na'urori da aka sayar a Amurka cikin shekara guda na Texas Instruments ne, sannan ta kawo ƙiyasin wani manazarcin kasuwa cewa ƙera guda ɗaya bai wuce dala 15 zuwa 20 ba. Ke nan mafi yawan kuɗin da ɗalibi ya biya ba na ƙarfe ko roba ba ne. To na mene ne?

Amsar tana cikin aji da ɗakin jarrabawa. A 1994 aka fara barin ɗalibai su shiga jarrabawar SAT da kalkuleta, wato jarrabawar da ake yi don neman shiga jami'o'in Amurka, kuma a 1995 aka wajabta mai zana giraf a jarrabawar kalkulas ta manyan azuzuwan sakandare. Kamfanin ya daɗe yana shirya wa malamai bita a kan yadda za su koyar da na'urarsa. Marubuta littattafan lissafi suka riƙa sa hoton maɓallanta a gefen shafi: danna wannan, sannan ka danna wancan. Malamin da ya koyi aiki da ita ba ya son sauyi, makaranta ta rubuta sunanta a jerin kayan da za a zo da su, uwa ta saya wa babba, ƙane ya gada. Da haka al'ada ta kafu. Ɗalibin Amurka ba ƙarfin lissafi yake saye ba. Yana sayen izinin shiga jarrabawa ne da kuma dacewa da abin da yake hannun malaminsa. A can, wannan dalili ne mai nauyi, ko da yake shi ma ya fara sassautawa. Tun da aka mayar da SAT ta kwamfuta, a 2023 a ƙasashen waje da 2024 a cikin Amurka, an saka manhajar zana giraf ta Desmos a cikin jarrabawar kanta, kyauta ga kowane mai rubutawa.

Idan aka ɗauko wannan na'ura aka kawo ta hannun ɗalibin kwalejin ilimi a Nijeriya, sai dalilin ya warware gaba ɗaya. Littattafan da yake karantawa ba a gina su a kan maɓallanta ba. Malaminsa, sai ɗai-ɗai, bai taɓa koyarwa da ita ba. Ɗakin jarrabawa kuwa, maimakon ya buƙace ta, korar ta yake yi. Hukumar WAEC kalkuleta marar ƙara wadda ba a iya rubuta mata manhaja kawai take yarda da ita. Hukumar JAMB, wadda ta koma jarrabawa da kwamfuta baki ɗaya a 2015, ba ta barin a shiga da kowace iri. Akwai 'yar ƙarama a fuskar kwamfutar. Manyan makarantu da yawa su ma suna hana duk na'urar da take iya adana rubutu, saboda tsoron satar amsa, kuma suna da gaskiya. Abin da ya sa ta yi tsada, wato iya ajiye bayanai, shi ne ainihin abin da zai sa mai sa ido ya karɓe ta a bakin ƙofa. Wanda ya daka rawar wani, in ji Hausawa, ya rasa turmin daka tasa.

Sannan ga batun canji. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Na'urar dala 100 ta zama ta naira 150,000 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, wato albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata biyu. Ga ɗalibin da yake auna garin kwaki da gwangwani a ƙarshen zango, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuɗin zai sayi littattafan kwas da dama, ya biya buga kundin bincike, ya kuma rage saura na mota zuwa makarantar da aka tura shi gwajin koyarwa.

Mene ne, to, ɗalibin yake buƙata a haƙiƙa? Ko mai karanta Hausa ko Larabci ko Tarihi ba ya tsira daga lissafi, domin akwai darasin lissafi na bai ɗaya, akwai kuma darasin aunawa da tantance ƙwazon ɗalibai, ga ƙididdigar da ake buƙata a kundin kammala karatu. A nan ne zai nemi matsakaicin maki, da kaso cikin ɗari, da ma'aunin yadda maki suka warwatsu daga matsakaicinsu, da dangantakar sakamakon jarrabawa biyu. Duk waɗannan, tsohuwar Casio fx-82MS mai ayyuka 240 tana yin su ba tare da gumi ba. Mai karanta lissafi ko fizis ko kemistiri zai so wadda ta ɗara wannan, kamar fx-991ES PLUS mai ayyuka 417, ko fx-991EX mai 552, waɗanda suke warware lissafin aljabara, su yi aikin matiriks, su kuma nuna sulusi da rubu'i yadda ake rubuta su a allo. Kuɗinsu ɗan kaso ne na kuɗin mai zana giraf, kuma batirinsu yakan yi shekaru, ga ɗan gilashin da yake zuƙar hasken rana. A garin da wuta take zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ba abin rainawa ba ne.

Yawan ayyukan nan ma abin a tsaya a duba ne. Mai shago yakan ɗaga kwali ya nuna lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ya ce, "Samari, wannan ita ce ta 'yan jami'a, ayyukanta sun fi ɗari biyar." Bai yi ƙarya ba. Sai dai ɗalibin da zai yi shekara uku a kwaleji da wuya ya taɓa talatin daga cikinsu. Sauran yana ɗauke da su ne kamar mai yawo da makullan gidan da ba nasa ba.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da masu son na'ura mai zana giraf suke kafawa, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Sun ce ganin lissafi da ido yana buɗe fahimta. Yaron da ya ga yadda lanƙwasar zane take buɗewa ko tsukewa idan an sauya lamba ɗaya, ya fahimci abin da shafi uku na bayani ba zai koya masa ba. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Amma a yau ba sai da na'urar dala 100 ake samun wannan gani ba. Manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, da Desmos wadda aka kafa a 2011, duk kyauta ne, kuma suna aiki a wayar da take cikin aljihun ɗalibin tuni, da launi da saurin da TI-84 ba za ta kama ƙafarsu ba. Abin da waya ba ta iya yi shi ne shiga ɗakin jarrabawa, kuma takan janye hankalin mai karatu zuwa hira da kallo. Saboda haka sai a raba aiki: waya don ganin giraf a ɗakin kwana, na'urar kimiyya don aji da jarrabawa.

Ba a ce babu wanda mai tsada ta dace da shi ba. Wanda zai tafi karatu inda aka wajabta ta, ba shi da zaɓi. Haka ma mai neman takardar ƙwarewar harkar kuɗi ta CFA, wanda na'ura iri biyu kawai aka yarda ya shiga jarrabawa da su, HP 12C da BA II Plus ta Texas Instruments. Ko da yana da wadda ta fi su, dole ya sayi ɗaya. Irin waɗannan sun san dalilinsu tun kafin su je shago, domin an rubuta musu shi a takarda. Wanda ake jin tsoro a kansa shi ne mai saye don ya ga ta wani, ko don yana zaton tsadar na'ura za ta cike giɓin da rashin bita ya bari.

Sai dai kuma gudun tsada yana da nasa ramin. Araha ba ta ado. Kasuwanni sun cika da jabun na'urori masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, kwalinsu da launinsu kamar na gaske. Wasu ɗan gilashin hasken ranan da yake goshinsu ado ne kawai, babu wayar da ta haɗa shi da komai. Maɓallansu sukan maƙale ko su rubuta lamba sau biyu, rubutun kansu ya goge cikin zango ɗaya, wani lokaci kuma na'urar ta mutu ana tsakiyar jarrabawa. Kuskuren da jabu take jawowa ya fi na rashin na'ura muni, domin ɗalibi yana rubuta amsar ne da cikakkiyar natsuwa. Casio ya sa wa wasu samfuransa alamar tantancewa da ake dubawa da waya, kuma ya kamata mai saye ya nema. In babu, to ya auna nauyinta a hannu, ya danna kowane maɓalli, sannan ya ba ta lissafin da ya riga ya san amsarsa. Idan za a ƙara kuɗi a kan kalkuleta, a nan ne ƙarin yake da amfani: tsakanin jabu da ta gaske, ba tsakanin ta gaske da ta alfarma ba.

Bayan duk wannan akwai abin da ba ya cikin kwali ko kaɗan, wato sanin na'urar. Ɗalibi yakan danna sin 30 yana jiran 0.5, sai ta ba shi −0.988, ya kwafe ya wuce. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Wani ne ya taɓa ta ya mayar da ita ma'aunin radiyan, kuma ga ɗan harafin R nan a saman fuskarta maimakon D, ba wanda ya duba. Mai dala 100 ma haka za ta yi masa. Ko kuma a ɗauki makin yara biyar: 40, 50, 60, 70, 80. Matsakaicinsu 60 ne. Da aka nemi ma'aunin warwatsuwarsu, sai na'ura ta ba da amsa biyu, 14.14 da 15.81. Ta farko ta raba da 5, domin ta ɗauka yaran nan su ne dukkan waɗanda ake magana a kansu. Ta biyu ta raba da 4, domin ta ɗauke su a matsayin samfuri daga cikin taro mai yawa. Wace ce za a rubuta a kundin bincike? Babu maɓallin da zai amsa wannan. Sai wanda ya zauna a aji ya saurara.

Ba laifi a tuna cewa Bahaushe ya daɗe yana lissafi kafin batir ya zo. Kalmar lissafi kanta aro ce daga Larabci, amma aikin ya riga kalmar. Masu ƙirga wuri a kasuwannin da, suna jan sa biyar-biyar da yatsu har su cika keso na wuri 20,000, kuma har gobe akwai dillalin hatsi da zai faɗi kuɗin buhu goma sha bakwai kafin yaronsa ya gama lalubo kalkuleta. Abin da irin wannan mutum yake da shi shi ne ƙiyasi: ya san inda amsa ya kamata ta faɗa, don haka idan ta kauce yakan ji a jikinsa. Ɗalibin da ya san cewa sin ɗin kusurwa mai digiri 30 ba zai taɓa zama ƙasa da sifiri ba, ba zai kwafi −0.988 ba. Ɗan littafin bayani da yake zuwa cikin kwali, wanda akasari ake yarwa tare da leda, karanta shi na yamma ɗaya ya fi ƙarin ayyuka ɗari uku amfani.

A nan ne maganar take komawa kan malamin gobe. Idan ya tashi rubuta wa iyaye jerin kayan da yara za su zo da su, akwai bambanci mai girma tsakanin ya rubuta sunan samfuri ɗaya da ya rubuta aikin da ake so na'urar ta yi. Ya ce, "kowace kalkuleta ta kimiyya mai sin da log, wadda ba ta adana rubutu," sai ya buɗe wa yaro ƙofar ya zo da ta yayansa ko ta maƙwabci. Ya ambaci suna da lamba kuwa, sai yaron da ubansa bai iya saye ba ya fara jin kunyar shiga aji, wani ma ya daina zuwa ranar lissafi. Yadda TI-84 ta kafu a Amurka ke nan, ta hanyar jerin kayan makaranta, malami bayan malami. A firamare da ƙananan azuzuwan sakandare ma, inda yawancin masu takardar NCE suke koyarwa, yaro ya fi buƙatar haddar jadawalin sau da aikin hannu a kan kowace na'ura. Inda kuma ake buƙatarta, guda goma na gaske a akwatin shugaban makaranta, ana rarrabawa yara huɗu-huɗu a dawo da su bayan darasi, za su yi wa aji arba'in aiki na shekaru, a kan kuɗin da bai kai na mai zana giraf guda biyu ba.